Masu Rubuta Maganar Yara: Tarihin Ma'aikatan Ɗakin Binciken Roger Brown a Jami'ar Harvard

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ta da maganar kafa ɗakin bincike a sashen nazarin harsuna, abin da yakan fara zuwa bakin mutane shi ne kayan aiki: rikoda nawa za a saya, kwamfuta nawa, wane ɗaki za a keɓe. Ba kasafai akan tsaya a tambayi wanda zai zauna da yaro ɗan shekara biyu har tsawon sa'a biyu yana saurare, sa'an nan ya koma ya mai da abin da ya ji rubutu ba. A cikin wannan takarda muna so mu bi tarihin ɗakin bincike guda ɗaya, wato wanda Roger Brown ya jagoranta a Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka tun daga shekarar 1962, inda aka bi diddigin yadda wasu yara uku suka koyi harshen uwa. Sunan Brown ne a bangon littafin da ya fito daga wannan aiki, amma mu hankalinmu ya fi karkata ga mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ra'ayinmu shi ne cewa abin da ya fi daɗewa yana amfani daga wannan ɗaki shi ne rubutattun maganganun yaran, kuma waɗannan aikin kunne ne da hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata, waɗanda yawancinsu mata ne. Daga ƙarshe za mu duba abin da wannan tarihi yake nufi ga wanda ke son yin irin wannan aiki da yaran Hausawa.

Kafin zuwan rikoda

Nazarin maganar yara ya girmi ɗakin bincike. Da farko aikin iyaye ne masu ilimi, waɗanda sukan ajiye littafi suna rubuta abin da ƴaƴansu suka faɗa. Charles Darwin ya buga ɗan bayani a kan ɗansa a 1877. A Jamus, Clara Stern da mijinta William sun fitar da littafinsu a 1907, kuma sanannen abu ne cewa uwar ce ta riƙe mafi yawan rubutun yau da kullum. Masu karatu da Faransanci sun san Jules Ronjat, wanda a 1913 ya bayyana yadda ɗansa ya tashi da Faransanci daga bakin uba da Jamusanci daga bakin uwa, sun kuma san Antoine Grégoire na Beljiyam, mai littafi biyu, 1937 da 1947. Werner Leopold ya cika littafi huɗu tsakanin 1939 da 1949. Waɗannan ayyuka suna da daraja har yanzu, sai dai suna da rauni iri ɗaya. Uba yakan rubuta abin da ya ba shi mamaki ko dariya, ya bar abin da yaro yake maimaitawa kullum. Haka nan kuma babu yadda wani zai koma ya sake sauraron abin da aka ce yaron ya faɗa.

Abu biyu suka sauya wannan hali a ƙarshen shekarun 1950. Na farko, rikoda mai zare ta yi araha ta kuma rage nauyi har ana iya ɗaukar ta zuwa gidan mutane. Na biyu, Noam Chomsky ya fito da ra'ayinsa a 1957 cewa sanin harshe sanin ƙa'idoji ne da ke ba mutum ikon ƙirƙirar jimlar da bai taɓa ji ba. A 1958 Jean Berko, ɗalibar Brown, ta nuna wa yara zanen wasu halittu da ta laƙa wa sunayen ƙarya, ta ga suna iya ba su jam'i daidai da ƙa'idar Ingilishi, alhali ba su taɓa jin kalmomin ba. Tambayar da ta rage ita ce: yaushe, kuma ta wace hanya, waɗannan ƙa'idoji suke shiga kan yaro?

Wa ya yi me a Harvard

Brown masanin halayyar zaman jama'a ne, an haife shi a 1925, ya rasu a 1997. Malamanmu da yawa sun fara saninsa ta maƙalar da ya rubuta tare da Albert Gilman a 1960 a kan wakilan suna na girmamawa da na zumunci, irin tu da vous na Faransanci. Ya komo Harvard a 1962, kuma a kakar wannan shekara shi da Ursula Bellugi da Colin Fraser suka ziyarci yara fiye da 30, suka zaɓi biyu. Sharuɗɗan zaɓen ba su da wuya: yaron ya kasance ya fara haɗa kalmomi, maganarsa tana fita sarai, kuma mai yawan surutu ne. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan sharuɗɗa, domin suna nuna cewa tun daga ranar farko sauƙin aikin mai rubutawa ne ya yanke irin yaron da ilimi zai sani. Yaro mai kunya ko mai cin magana bai shiga ba.

An sakaya sunayen yaran, aka kira su Adam da Eve, wato Adamu da Hauwa'u. Adam yana da wata 27, ɗan wani malamin coci ne, uwarsa ta taɓa koyarwa a firamare, iyalin baƙar fata ne. Eve tana da wata 18, ubanta ɗalibi ne mai neman babban digiri a Harvard. Bayan kamar wata goma iyalin Eve suka ƙaura zuwa Kanada, sai aka samo yarinya ta uku, aka kira ta Sarah, ita ma mai wata 27, wadda iyayenta ba su wuce sakandare ba. Dukansu uku ƴan fari ne, kuma babu ƙane a gidan lokacin da aka fara.

Aka raba yaran tsakanin ma'aikata. Bellugi ta ɗauki Adam, Fraser ya ɗauki Eve, Gloria Cooper ta ɗauki Sarah. Daga baya Richard Cromer ya shiga aikin Adam, Melissa Bowerman kuma ta shiga na Sarah. Akan je gidan Adam da na Eve sau ɗaya a mako biyu a yi sa'a biyu. Gidan Sarah kuwa kowane mako, rabin sa'a. Yawanci mutum biyu ke zuwa. Ɗaya yana zaune da takarda yana rubuta abin da yaro da uwa suka faɗa tare da abin da ke faruwa a ɗakin, ɗayan kuma yana wasa da yaron in ya nemi abokin wasa, rikoda tana juyawa. Ƙa'idar ɗakin ita ce wanda ya je gidan shi ne zai rubuta zaman, cikin ƴan kwanaki, tun bai manta ba, yana haɗa abin da ke zaren rikoda da abin da ya rubuta da hannu da abin da ya tuna. Daga nan sai a buga da keken rubutu a kan sitansil, a gurza kwafi da yawa.

A nan ne muke ganin ya dace a daɗe. Yaro ɗan wata 20 ba ya furta kalma yadda babba yake furtawa. Idan ya fitar da wani guntun wasali gaban suna, mai rubutawa ne zai yanke hukunci: ko wannan ƙaramar kalmar nahawu ce ta Ingilishi, ko numfashi ne kawai. Idan yaro ya haɗa suna biyu, alal misali sunan uwa da sunan takalmi, rikoda ba za ta faɗa maka ko yana nufin takalmin na uwa ne, ko uwa ce ke sa masa takalmi ba. Wanda ya ga hannun yaron da idonsa ne kaɗai ya sani. Lois Bloom ta Jami'ar Kolambiya ta kafa hujja mai ƙarfi a kan wannan a 1970, Brown kuma ya karɓi hanyarta. Saboda haka kowane layi na waɗancan takardu yana ɗauke da hukuncin mutumin da ya zauna a ɗakin, kuma duk lissafin da aka yi daga baya a kan wannan hukunci ya hau. Ko tsakanin yaran uku ma aikin bai zo ɗaya ba: maganar Adam da ta Eve da rubutun Ingilishi na yau da kullum aka rubuta su, ta Sarah kuwa an yi ta da alamomin furuci, bayan an ɗinka mata makirfo a jikin riga. Wanda ke neman tsarin sauti a takardun Adam zai sha wahala, ba don yaron bai yi magana ba, sai don ba a ɗora wa mai rubutawa wannan aiki ba.

Zaman mako da nahawu goma sha biyar

Kowane mako akan yi zaman tattaunawa a kan sababbin takardun. Ban da waɗanda muka ambata, masu halarta sun haɗa da Jean Berko Gleason, David McNeill, Dan Slobin da Courtney Cazden. Brown kansa ya ɗauki aikin rubuta nahawun kowane yaro a matakai biyar, wato nahawu 15 ke nan, kowanne bisa furuci kimanin 700. Don ya san inda mataki ya fara da inda ya ƙare, sai ya bar ƙirga shekaru ya koma ƙirga tsawon furuci: a ɗauki abin da yaro ya faɗa, a ƙirga ƙwayoyin ma'ana da ke ciki, a raba da yawan furucin. Ana kiran wannan ma'auni MLU a taƙaice. Matakan biyar sun faɗa a kan 1.75, 2.25, 2.75, 3.50 da 4.00. Dalilin barin shekaru a fili yake: Eve ta kai mataki na biyar tana da shekara 2 da wata 2, Adam sai da ya kai shekara 3 da rabi, Sarah kuwa shekara 4.

Waɗannan nahawu 15 ba a taɓa buga su ba. An rubuta su ne da tsarin Chomsky na wancan zamani, tsarin kuma ya yi ta sauyawa da sauri fiye da yadda ake iya rubuta nahawun yaro ɗaya. Littafin Brown, A First Language, ya fito a 1973, shekara 11 bayan fara aikin, kuma mataki biyu na farko kawai ya ƙunsa. Littafi na biyu da aka yi niyya a kan sauran matakan bai fito ba.

Sakamakon da aka fi tunawa da shi daga littafin shi ne jerin ƙananan ƙwayoyin nahawu 14 na Ingilishi, waɗanda yaran uku suka mallaka bisa tsari kusan ɗaya duk da bambancin saurinsu: ɗafa-ƙeyar -ing a farko, sai in da on, sai -s ta jam'i, har zuwa taƙaitattun mataimakan aikatau a ƙarshe. Abin lura, yawan jin ƙwaya a bakin iyaye bai nuna lokacin da yaro zai mallake ta ba. Amma kafin a ce yaro ya mallaki wani abu sai an sami ma'auni, kuma wannan ma'auni daga Cazden ya fito, a maƙalarta ta 1968. Ta ce a nemo duk wuraren da nahawu ya wajabta ƙwayar, a ga sau nawa yaron ya kawo ta. In ya kai kashi 90 bisa 100 a samfuri uku a jere, ya mallaka. Cazden malamar firamare ce kafin ta zo Harvard, kuma a ganinmu wannan ma'auni yana da ƙamshin aji: tunanin wanda ya saba gyaran takardun yara ne, mai sanin cewa amsa ɗaya daidai ba ta nuna an iya. A 1973 Jill de Villiers da Peter de Villiers, su ma ɗaliban ɗakin, suka gwada jerin da yara 21, suka sami tsari mai kama da na yaran uku.

Cazden ce kuma ta gwada wani ra'ayi da shugabanta yake so, ta same shi da rauni. A 1964 Brown da Bellugi sun lura cewa uwa takan karɓi guntuwar maganar yaro ta maimaita ta a cike, suka yi zaton ta wannan hanya yaro yake koyon nahawu. A kundin digirinta na 1965 Cazden ta yi aiki da yara 12 a wani gidan reno na unguwar Roxbury a Boston har wata uku. Wasu akan cika musu maganarsu, wasu kuma akan amsa musu da sabuwar jimla mai ci gaba da zancen. Kashi na biyu ne suka fi ci gaba. Yaran kaɗan ne, ba za a gina gini mai nauyi a kansu ba, amma abin da ya burge mu shi ne ɗakin ya ba ɗaliba damar kawo sakamakon da bai yi wa malaminta daɗi ba, malamin kuma ya sa shi cikin rubutunsa. Haka nan Camille Hanlon, tare da Brown, ta bi takardun ta nuna a 1970 cewa iyaye ba su cika gyara nahawun yara ba. Gaskiyar magana suke gyarawa. Yaro zai faɗi jimla karkatacciya mai gaskiya a ce masa haka ne, ya faɗi miƙaƙƙiya marar gaskiya a ce masa a'a.

Inda mutanen suka watsu

Fraser ya koma Ingila ya ci gaba da nazarin halayyar zaman jama'a. McNeill ya ƙare a Shikago yana nazarin motsin hannu da ke rakiyar magana. Bellugi, wadda ta rubuta kundinta a kan yadda yaran suka koyi korewa, ta tafi Cibiyar Salk a Kaliforniya, inda ita da Edward Klima suka tabbatar cewa maganar hannu ta kuramen Amurka cikakken harshe ne mai nahawunsa. Littafinsu ya fito a 1979, ta rasu a 2022. Bowerman ta juya ga yara masu koyon harshen Finlan, ta buga sakamakon a 1973, daga baya ta zauna a Cibiyar Max Planck ta Nijmegen a Holan, ta rasu a 2011.

Wanda hanyarsa ta fi shafar mu shi ne Slobin. Da ya koma Jami'ar Berkeley, shi da abokan aikinsa suka shirya littafin jagora a 1967 domin masu zuwa nazarin maganar yara a wasu al'ummu. Da wannan jagora Keith Kernan ya tafi Samowa, Ben Blount ya tafi wurin Luo na Kenya, dukansu suka kammala a 1969, Brown kuma ya yi amfani da sakamakonsu a littafinsa. Tsakanin 1985 da 1997 Slobin ya shirya manyan littattafai biyar masu kwatanta koyon harsuna dabam-dabam. Harshen Afirka ɗaya ne ya sami babi nasa a cikinsu, wato Sesoto, daga alƙalamin Katherine Demuth a 1992.

Takardun kuwa sun yi tasu tafiyar. Brown ya riƙa aika kwafin da aka gurza ga duk mai bincike da ya nema, abin da ba a saba ba a lokacin. A 1984 Brian MacWhinney da Catherine Snow suka kafa rumbun CHILDES a Jami'ar Carnegie Mellon domin tara rubutattun maganganun yara a kwamfuta, kuma na Harvard suna cikin na farko da aka shigar: zama 55 na Adam, 20 na Eve, 139 na Sarah. Masu bin Chomsky da masu sukarsa duk a wannan rijiya suka yi ta ɗiban ruwa, kowa yana neman hujjar da za ta kayar da ɗan'uwansa. Nahawun da shugaba ya kwashe shekaru yana rubutawa ya tsaya a cikin akwati, rubutun da Bellugi da Fraser da Cooper da Bowerman da Cromer suka yi bayan dawowa daga gidajen mutane shi ne ake karantawa bayan shekara 60. Duk da haka a cikin maƙalu sunan Brown kaɗai akan kira idan an ambaci wannan tari.

Idan yaron Bahaushe ne

A 2022 Evan Kidd da Rowena Garcia suka binciki manyan mujallu huɗu na wannan fage na tsawon shekara 45, suka tarar harsuna 103 kawai aka taɓa rubuta maƙala a kansu daga cikin kimanin 7000 na duniya, kuma fiye da rabin maƙalun a kan Ingilishi suke. Ga ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Mai shirya littafin aji ɗaya yana bukatar sanin abin da yaro ɗan shekara shida ya riga ya mallaka na harshensa da abin da bai gama mallaka ba, in ba haka ba sai ya auna shi da ma'aunin yaron Faransa. To amma hanyar Harvard ba za ta ɗauku yadda take a dasa a Maraɗi ba, kuma wuraren da za ta karye duk wurare ne da ke hannun mai rubutawa.

Mu fara da rubutun kansa. Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. A ɗauki “ya tafi”. Da dogon wasali da karin sama, shuɗaɗɗen lokaci ne na gama-gari. Da gajeren wasali da karin sama, shuɗaɗɗen lokaci ne na dangantaka, irin na “yaron da ya tafi”. Da gajeren wasali da karin ƙasa kuwa umurni ne ko fata, irin na “a ce masa ya tafi”. Abu uku ne a kunne, abu ɗaya a takarda. Idan mai rubutawa ya bi ƙa'idar boko kamar yadda aka bi rubutun Ingilishi wajen Adam, to ma'aunin Cazden ba zai yiwu ba sam, domin ba za a san ko yaron ya kawo abin da nahawu ya wajabta ba. Dole ne tun daga zama na farko a sa alamar kari da tsawo, wannan kuwa sai wanda aka horar, mai haƙurin sauraron guntun zance sau da yawa.

Sai ƙirgar ƙwayoyin ma'ana. A Ingilishi yawanci ana iya yanka kalma a ce ga saiwa ga ɗafi. A Hausa “ya sayi goro”, “ya saye shi”, “abin da ya saya”, “ya sayo”, “ya sayar”: ƙwaya nawa ce a “sayi”? Shin yaron da ya ce “sayi” ya san wasalin ƙarshe yana sauyawa bisa abin da ke biye, ko ya haddace kalmar ɗungurungum? Haka jam'i: “gidaje” daga “gida”, “makarantu” daga “makaranta”, “shanu” da “mata” da ba su bi hanyar kowa ba. Brown da kansa ya yanke cewa a ƙirga kalmomin Ingilishi marasa bin ƙa'ida a matsayin ƙwaya ɗaya, saboda babu shaidar yaro ya raba su. A Hausa irin wannan hukunci zai taso a kusan kowane layi, kuma idan ma'aikata biyu ba su yi ittifaƙi a rubuce ba, lambobin da za su fitar ba za su kwatantu ba. Masu nazarin Ibrananci sun ci karo da irin wannan matsala, har Esther Dromi da Ruth Berman suka tsara nasu ma'aunin a 1982.

Na uku karin harshe. Yaron Tawa zai ce “shina zuwa”, zai ce “yat tahi”. Ɗalibin da ya sha gyara a aji har daidaitacciyar Hausa ta zame masa jiki yana iya rubuta “yana zuwa” da “ya tafi” ba tare da ya lura ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ya sa wa maganar yaron alamar kuskure. Wannan “yat” kuwa ita ce alamar shuɗaɗɗen lokaci na dangantaka a karin yamma, wato ainihin abin da ake nema a gani ko yaron ya mallaka. Elinor Ochs ta rubuta maƙala a 1979 mai nuna cewa yadda aka tsara takardar rubuta magana, har da wanda aka sa a layin hagu, ra'ayi ne a ɓoye. A wurinmu ra'ayin da zai ɓuya shi ne cewa Hausar Kano ce ma'aunin kowane yaro.

Na huɗu, kuma a ganinmu mafi nauyi, shi ne tsarin gida. Ɗakin Harvard ya ɗauka cewa yaro da uwarsa ne tushen zance, ya kuma zaɓi ƴan fari. A gidan Bahaushe ɗan fari shi ne wanda uwa take jin kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta sakin jiki da shi gaban mutane, balle gaban baƙo mai rikoda. Yaro yana wuni a bayan yayarsa ko ƴar goyo, yana jin maganar kishiyoyi da kaka da yaran maƙwabta, in lokacin yaye ya yi kuma a kai shi gidan kaka. Binciken da Robert Marvin da Robert LeVine da abokansu suka buga a 1977 a kan jarirai 18 na Hausawan Nijeriya ya nuna cewa kowannensu yana hannun masu reno da yawa. Ochs a Samowa da Bambi Schieffelin a wurin Kaluli na Papuwa Niyu Gini sun nuna a 1984 cewa akwai al'ummun da ba sa ɗaukar jariri abokin hira kamar yadda matan Boston suke yi, amma yaransu suna koyon harshe a kan kari. Wanda ya zaunar da uwa Bahausa da ɗanta na fari a ɗaki ya kunna rikoda, shiru zai ɗauka, sa'an nan ya rubuta cewa iyaye mata ba sa yi wa yara magana.

Daga nan tambayar wa za a ɗauka aiki ta zama tambayar ilimi. Namiji baƙo ba ya wuce zaure a gidaje da yawa, maganar yara kuwa a tsakar gida take. Ke nan ɗalibai mata ne za su riƙe mafi yawan aikin, kamar yadda ya kasance a Harvard ko da yake bisa wani dalili dabam, kuma gwamma kowace ta yi aiki a yankin da karin harshensa ne nata. Akwai misali daga Afirka da za a iya koyi da shi. Demuth ta ɗauki maganar yara huɗu a wani ƙauye na lardin Mokhotlong a Lesoto tsakanin 1980 da 1982, kimanin sa'a 98, a cikin gida da waje, tare da ƴan'uwa da kakanni. Ta rubuta zaren da taimakon iyaye mata da kakannin yaran, waɗanda suka san abin da jikansu yake nufi in ya ci rabin kalma, sa'an nan wani mai bincike na Jami'ar Lesoto ya sake dubawa. Daga wannan tari ne ta nuna cewa yaran Sesoto suna amfani da jimlar da ake gabatar da wanda aiki ya faɗa wa tun kafin su cika shekara uku, alhali bisa shaidar Ingilishi an daɗe ana ɗauka cewa wannan gini sai yaro ya girma.

Shawararmu ga sashe, in har za a fara, ita ce a tanadi kuɗin masu rubutawa kafin kuɗin na'ura, a kuma sa a kan kowace takarda sunan wadda ta je gidan, garin da ta tashi, dangantakarta da iyalin, da wadda ta taimaka mata wajen gane maganar yaron. A Harvard an san wanda ya rubuta zaman Adam da wanda ya rubuta na Sarah saboda Brown ya faɗa a farkon littafinsa. Mu sai mu sa shi a kan kowane shafi, tare da sunan kakar in ita ce ta warware kalmar, matuƙar ta yarda a ambace ta.